Jarumai Mata a Tsofaffin Mujallun Zane na Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda ya san Wonder Woman ko Batgirl ta finafinan yanzu zai ɗauka tafiyar miƙaƙƙiya ce, wato da can an danne mata, sannu a hankali aka sakar musu mara. Tsofaffin mujallun kansu ba haka suka nuna ba. Matan da aka zana suna farautar ɓarayi a 1941 sun fi na 1958 ƙarfin hali nesa ba kusa ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin.

Wonder Woman ce jaruma ta farko?

A'a. Ita ce dai ta daɗe, har sunanta ya rufe na sauran. Superman ya fito a 1938, Batman a 1939, Wonder Woman kuwa sai ƙarshen 1941, a fitowa ta 8 ta All Star Comics. Kafin nan mata da dama sun riga ta shiga fage.

A Fabrairun 1940 Fletcher Hanks ya ƙirƙiro Fantomah, kyakkyawar mace mai tsaron daji, wadda idan ranta ya ɓaci fuskarta ke rikiɗewa ta koma ƙoƙon kan gawa mai launin shuɗi, kuma hukuncinta ba tausayi a ciki. Wata guda bayan haka Woman in Red ta bayyana a Thrilling Comics: Peggy Allen, 'yar sanda ce da ta gaji da jan ƙafar doka, sai ta riƙa sa doguwar jar riga da abin rufe fuska tana bin masu laifi da bindigarta. A Yunin shekarar aka samu Lady Luck da Invisible Scarlet O'Neil a shafukan jaridu. A 1941 kuma kasuwa ta buɗe sosai: Miss Fury a Afrilu, Phantom Lady da Black Cat a Agusta, har Kanada ta fito da tata, Nelvana.

Su wane ne waɗannan mata idan sun tuɓe kayan faɗa?

Mafi yawansu 'ya'yan masu hannu da shuni ne da zaman banza ya gundura. Brenda Banks, wato Lady Luck, 'yar attajiri ce. Sandra Knight, wato Phantom Lady, 'yar sanata ce a Washington. Marla Drake ta zama Miss Fury ne saboda ta ji labarin wata za ta sa irin rigarta zuwa wani biki, sai ta ɗauko fatar baƙar damisa da kawunta ya bar mata ta saka, a hanya kuma ta yi kiciɓis da wani mai laifi da ya tsere. Marubutan sun ga 'yar masu kuɗi ta fi sauƙin rubutawa: ba ta zuwa aiki da safe, tana da mota, kuma ba wanda zai zarge ta.

Akwai kuma masu neman na kansu. Linda Turner, wato Black Cat, ta fara ne da shigar wa 'yan wasan Hollywood wuraren haɗari, irin su faɗowa daga doki da tsalle daga mota, kafin ta zama tauraruwa. Ba ta da wani ƙarfi na sihiri, sai babur da judo, har mujallarta kan ware shafi tana koya wa masu karatu yadda ake kayar da ƙato. Dinah Drake, Black Canary ta 1947, shagon furanni gare ta. Louise Grant sakatariyar wani mai binciken sirri ce, Mark Mason. Da rana tana buga masa takardu ba ya ko kallonta, da dare ta zama Blonde Phantom yana mutuwar sonta bai san ita ce ba.

Wadda ta fi burge ni a cikinsu ba ta cikin wannan layi ko kaɗan. Ma Hunkel, ƙatuwar uwa ce mai shagon kayan masarufi a wata unguwar talakawa ta New York, wadda Sheldon Mayer ya zana. A 1940, da 'yan daba suka sace yara 'yan sanda kuma suka yi biris, sai ta kifa tukunyar girki a ka, ta huda mata idanu, ta sa dogon wandon sanyi, ta kira kanta Red Tornado. Mutanen unguwa duk sun ɗauka namiji ne. Labarin barkwanci ne, amma ita kaɗai ce a zamaninta aka bari ta yi ƙiba, ta manyanta, kuma ta ci faɗa.

Me ya sa suka yi yawa a farkon shekarun 1940?

Yaƙin Duniya na Biyu da kuma kasuwa. Mujalla ɗaya senti 10 ce, tana ɗauke da labarai da yawa, kuma kowane kamfani na neman abin da zai cika shafi da shi. Yara mata suna karantawa kamar yadda yara maza ke karantawa. Bayan Amurka ta shiga yaƙin a Disamban 1941, miliyoyin mata sun shiga masana'antun jiragen sama da na harsasai, wasu sun sa kakin soja, gwamnati da kanta tana kiran su su fito. A irin wannan yanayi, mace mai naushin ɗan leƙen asirin Nazi ba abin mamaki ba ce, kishin ƙasa ne. Shi ya sa aka samu su Miss Victory da Liberty Belle da Miss America, kusan duk da launin tutar Amurka a jikinsu.

Wani dalilin kuma na kasala ne. Idan jarumi ya karɓu, sai a yi masa ta mace. Hawkman ya samu Hawkgirl, Bulletman ya samu Bulletgirl, Captain Marvel ya samu 'yar uwarsa Mary Marvel a 1942. Yawancinsu 'yan rakiya ne, sunansu ma aro ne, kodayake Mary Marvel ta samu mujallar kanta daga baya.

To me ya bambanta Wonder Woman?

Mutumin da ya ƙirƙiro ta yana da manufa, ba cika shafi kawai yake yi ba. William Moulton Marston masanin halayyar ɗan Adam ne da ya yi karatu a Harvard, kuma aikinsa a kan awon hawan jini na cikin tushen na'urar gano ƙarya. Ya yi imani mata sun fi maza dacewa da mulkin duniya, kuma ya faɗi haka a fili. Yana sa hannu da sunan Charles Moulton, H. G. Peter kuma yana zane.

Saboda haka labaran farko sun juya al'adar da aka saba. Steve Trevor, hafsan sojan Amurka, shi ne ake kamawa ake ɗaurewa, ita ke zuwa ceto. Yana neman aurenta tana ƙi, don akwai aiki a gabanta. Mataimakanta 'yan matan kwaleji ne ƙarƙashin Etta Candy, gajera mai jiki mai son alewa, wadda ba ta jin kunyar ko ɗaya. Laifukan da take yaƙa ma ba na fashin banki kaɗai ba ne. A 1942 ta tunkari wani kamfani da ya tsawwala kuɗin madara har yaran talakawa suka rasa, a fitowa ta gaba kuma ta tsaya wa 'yan matan wani babban kanti da ake biya albashin da ba ya kai su ko'ina. A 1943 bangon mujallarta ya nuna ta tana takarar shugaban ƙasa, a wani zamani mai nisa nan gaba. Ba ta cika kashe maƙiya ba, tana kai su wani tsibiri ne a gyara musu hali. Paula von Gunther, wadda ta fara a matsayin 'yar leƙen asirin Nazi, ta koma aminiyarta bayan an gano 'yarta ce ke hannun Nazi suke juya ta da ita.

Amma akwai ɗaya gefen da ba ya ɓoyuwa. Da wuya ka buɗe fitowa ɗaya ta zamanin Marston ba ka ga mace a ɗaure ba, da sarƙa ko igiya ko mari. Raunin jarumar kansa shi ne idan namiji ya haɗa mundayenta ya ɗaure da sarƙa, ƙarfinta ya tafi. Marston ya ce ana ɗaure ta ne don a ga ta tsinka, alamar 'yanci ke nan. Mai kamfanin da ke buga mujallar, Max Gaines, ya sha karɓar koke a kai, har daga cikin masu ba shi shawara. Ni dai ina ganin duka biyun gaskiya ne: tsinka sarƙar na da ma'ana, yawanta kuma ya wuce abin da ma'anar ke buƙata.

Da gaske ne an mai da ita sakatariya?

Gaskiya ne. A 1942 ta shiga ƙungiyar jarumai ta Justice Society of America, aka ba ta muƙamin sakatariya. Maza su fita yaƙi, ita ta zauna a hedikwata tana yi musu fatan nasara, alhali za ta iya ɗaga yawancinsu da hannu ɗaya. Akwai uzuri: ƙa'idar mujallar ita ce duk wanda ya samu mujallar kansa sai ya koma mamba na girmamawa, kuma Gardner Fox ne ke rubuta labarin ƙungiyar, Marston kuwa ba ya son wani ya taɓa masa jaruma. Sai dai Superman da Batman da Flash ma mambobin girmamawa ne, ba a taɓa miƙa wa ɗayansu alƙalamin rubuta bayanan taro ba.

Yaya shigarsu take?

Ta bambanta fiye da yadda ake zato. Woman in Red a rufe take ruf. Lady Luck na sa koriyar riga da malafa da siririn mayafi a fuska. Blonde Phantom kuwa da doguwar jar rigar zuwa dina da takalmi mai tsini take bin ɓarayi a guje, abin da duk macen da ta taɓa sa irin takalmin za ta yi wa dariya.

Bayan yaƙi ne kaya suka fara raguwa. Da kamfanin Fox ya karɓi Phantom Lady a 1947, Matt Baker, ɗaya daga cikin baƙaƙen fata na farko da suka yi suna a sana'ar, ya sake mata fasali da 'yan guntayen kaya. Gwanin zane ne na gaske, matansa suna da rai da motsi, amma kowa ya san abin da ake tallatawa a bangon. Ba ta ma rufe fuska, duk da haka saurayinta Don Borden bai taɓa gane ta ba. Bangon fitowa ta 17, ta 1948, inda take kwance igiya daga jikinta, shi ne daga baya aka ɗaga a matsayin hujjar cewa mujallun na lalata tarbiyya.

Akwai mata a cikin masu rubutawa da zanawa?

Akwai, sai dai da yawa sun ɓoye. Wadda ta ƙirƙiro Miss Fury sunanta June Tarpé Mills, amma ta yar da June ta bar Tarpé Mills don kada yara maza su san mace ce. Ita ke rubutawa, ita ke zanawa, ta shafe kusan shekara goma tana yi. Ana ganin bambancin hannunta: Marla Drake ba ta son kayan damisar, ba ta cika sawa ba, kuma miyagun matan labarin suna da wayo da tarihi, ba ado kawai ba ne.

Lily Renée Bayahudiya ce 'yar Vienna da ta tsere wa Nazi tana budurwa, ta bi ta Ingila ta isa New York, ta zana Señorita Rio, 'yar leƙen asiri mai farautar Nazi a Kudancin Amurka. Tana sa hannu da L. Renée, wasiƙun masoya kuma suna zuwa da sunan namiji. Joye Hummel ta rubuta labaran Wonder Woman fiye da 70 tsakanin 1944 da 1947, duk da sunan Charles Moulton, ba a karrama ta a bainar jama'a ba sai a 2018, tana da shekara fiye da 90.

Me ya kashe musu kasuwa?

Abu uku ne suka haɗu. Yaƙi ya ƙare a 1945, sojoji suka dawo suna neman ayyukansu, aka fara yi wa mata waƙar komawa gida. Labaran jarumai gaba ɗaya suka yi sanyi, na maza da na mata. A 1947 kuma Joe Simon da Jack Kirby suka fito da Young Romance, labaran soyayya suka cinye kasuwar 'yan mata. Mujallar Miss America kuwa tun 1944 ta koma ta kwalliya da hirar samari. Ta Black Cat ta koma ta kaboyi, daga nan ta koma ta ban tsoro, aka bar sunan aka kori mai sunan.

Na ukun shi ne tsoron iyaye. Tun 1948 ake tara mujallun ana ƙonawa a wasu garuruwa, har da Binghamton a jihar New York. A 1954 likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham ya fitar da littafinsa Seduction of the Innocent, yana ɗora wa mujallun alhakin kangarewar yara, ya kuma ce Wonder Woman mummunan abin koyi ce ga 'yan mata. Wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya yi zama a kai a shekarar. Kamfanonin suka tsorata, suka kafa wa kansu hukumar tacewa, Comics Code Authority. Dokarta ta hana zuzuta surar mace a zane, wanda ba laifi ba ne, amma ta kuma nemi labaran soyayya su ɗaukaka gida da aure, editoci kuma suka fahimci saƙon fiye da yadda aka rubuta shi. Sai a 2012 wata mai bincike, Carol Tilley, ta duba takardun Wertham ta nuna ya murɗe bayanan yaran da ya kafa hujja da su.

Wonder Woman ta tsira da mujallarta, amma ba da halinta ba. Marston ya rasu a 1947, Robert Kanigher ya karɓa. A 1949 bangon Sensation Comics ya nuna Steve Trevor ɗauke da ita yana tsallakar da ita rafi, macen da ke ɗaga mota. Shafin da ke kawo tarihin fitattun mata na gaske, wanda zakarar wasan tanis Alice Marble ta fara, daga baya aka maye gurbinsa da na al'adun biki.

Yaya sabbin jarumai mata na shekarun 1950 suka kasance?

Batwoman ta 1956 ta isa misali. Kathy Kane tsohuwar 'yar wasan tsalle-tsalle ce da ta gaji dukiya, kuma a labarinta na farko ta ceci Batman da kansa. Amma kayan aikinta fa? Batman na da ɗamara cike da na'urori, ita 'yar jakar hannu aka ba ta: hoda mai sa atishawa, jan baki mai barkonon tsohuwa, awarwaro da ke zama ankwa, ragar gashi ta kama ɓarawo. A ƙarshen labarin Batman ya gano maɓoyarta, ya ce tunda shi ya gano, miyagu ma za su gano, don haka ta ajiye aikin. Ta amince. Ta dawo daga baya, amma rabin hankalinta na kan yadda zai aure ta. Masu tarihin fannin da dama na ganin an kawo ta ne don a toshe bakin Wertham, wanda ya yi zargi a kan zaman Batman da yaronsa Robin su biyu ba mace. A 1964 edita Julius Schwartz ya share ta daga labarin.

Supergirl ta iso a 1959 da ƙarfi irin na ɗan uwanta Superman. Maimakon ya kai ta gidansa, sai ya ajiye ta a gidan marayu na Midvale da hular gashi da sunan Linda Lee, ya ce ta zama makaminsa na sirri, kada kowa ya san da ita har sai ya gamsu ta ƙware. Sai a 1962 ya gabatar da ita ga duniya. Lois Lane kuma, wadda a 1938 'yar jarida ce mai kutsawa inda maza ke tsoro, ta samu mujallar kanta a 1958, aka cika ta da dabarun yadda za ta sa Superman ya aure ta.

Kamfanin Marvel na shekarun 1960 bai gyara ba?

Ba sosai ba. Kowace ƙungiya mace ɗaya, kuma ƙarfinta irin wanda ba ya buƙatar naushi. Sue Storm ta Fantastic Four, a 1961, baiwarta ita ce ta ɓace a daina ganinta. Masu karatu suka riƙa rubuto wasiƙa cewa ba ta da amfani, har a fitowa ta 11 Reed Richards, shugaban ƙungiyar, ya kare ta da misalin mahaifiyar Abraham Lincoln, wato darajarta ita ce tana ƙarfafa wa maza gwiwa. Sai a fitowa ta 22 aka ba ta ikon kafa garkuwar da ba a gani, wanda daga baya ya sa ta zama mafi ƙarfi a cikinsu. Ta yi aure, ta haihu, ana ta kiran ta Invisible Girl har 1985. Wasp ce ta raɗa wa ƙungiyar Avengers suna a 1963, amma maganarta a lokacin ba ta wuce kaya da kyawun abokin aikinta Thor ba; ta shugabanci ƙungiyar a 1982.

Ina baƙaƙen mata, kuma yaya aka nuna Afirka?

A tsofaffin mujallun babu su a matsayin jarumai. Abin da ke akwai shi ne Baturiya sarauniyar daji. Sheena, wadda ta fito a Amurka a 1938 ta kuma samu mujallar kanta a 1942 kafin Wonder Woman, farar mace ce mai gashi ruwan zinariya sanye da fatar damisa, tana mulkin wani dajin Afirka da babu shi a taswira. Tana ceton saurayinta Bob kullum, wanda ci gaba ne ta fuskar mata, amma 'yan Afirkan labarin ko dai masu ɗaukar kaya ne, ko matsorata, ko masu bin boka ido rufe. Duk wanda zai yaba wa Sheena ƙarfin hali sai ya haɗiye wannan tare.

An jira har 1971 kafin Butterfly ta fito a wata ƙaramar mujalla da ba ta daɗe ba. Nubia, 'yar uwar Wonder Woman da aka ƙera da baƙin yumɓu, ta zo a 1973. Storm ta ƙungiyar X-Men ta zo a 1975: uwa 'yar Kenya, uba Ba'amurke, ta tashi marainiya tana yankan aljihu a Alƙahira, daga baya wasu mutanen karkara a Gabashin Afirka suka riƙa bauta mata don tana saukar da ruwa. Ta zama babbar jaruma har ta jagoranci ƙungiyar, sai dai ko a tarihinta akwai ɓurɓushin waccan Afirka ta masu zanen New York.

Yaushe al'amura suka fara juyawa?

A hankali, kuma da tuntuɓe. Barbara Gordon ta zama Batgirl a 1967: mai digirin digirgir, shugabar laburaren Gotham, birnin Batman, ba budurwar kowa ba, kuma da Batman ya ce ta bari ba ta bari ba. Amma shekara guda bayan haka bangon Detective Comics ya nuna ta ta tsaya duba safarta da ta zare, su Batman na shan duka a gefe. A 1972 an kai ta har Majalisar Wakilai.

A 1968 Denny O'Neil da Mike Sekowsky suka cire wa Wonder Woman ƙarfinta da kayanta, ta buɗe shagon tufafi tana koyon kareti wurin wani makahon tsoho. A ganinsu sun mai da ita mace mai dogaro da kanta. Gloria Steinem, mai fafutukar 'yancin mata, da abokan gwagwarmayarta ba su gan shi haka ba. Suka sa tsohuwar Wonder Woman a bangon mujallar Ms. a 1972, a 1973 kuma kamfanin DC, mai buga labaranta, ya mayar mata da ƙarfinta. A 1972 ɗin Marvel ta gwada The Cat, Linda Fite na rubutu, Marie Severin ta zana fitowar farko, amma fitowa huɗu kacal ta yi.

Wata matsalar kuma sabuwa ce, ba a san ta sosai a 1941 ba: a illata mace don a ba namiji dalilin fushi. An kashe Supergirl a 1985. A 1988 Joker, abokin gaban Batman, ya harbi Barbara Gordon ta gurgunce, a labarin da ba nata ba ne. Marubuta Kim Yale da John Ostrander ne suka ƙi barin ta haka, suka dawo da ita a keken guragu a matsayin Oracle, gwanar kwamfuta da jarumai ke dogara da bayananta. A 1999 Gail Simone ta jera sunayen matan da aka kashe ko aka nakasa ta wannan hanya, jerin ya yi tsawo har ya tayar da muhawara a fannin.

Ana iya samun tsofaffin a karanta yanzu?

Ana samu. Kamfanoni irin su Fox da Fiction House da Nedor sun daɗe da rushewa, kuma haƙƙin mallakar yawancin mujallunsu ya faɗi, don haka labaran Fantomah da Woman in Red da Phantom Lady ta Matt Baker da Señorita Rio suna nan kyauta a rumbunan intanet irin su Digital Comic Museum da Comic Book Plus. Na Wonder Woman da Batwoman da Supergirl har yanzu mallakar DC ne, sai dai a sayi kundin da aka sake bugawa. An kuma tattara Miss Fury a manyan kundi biyu masu launi. Duk da Turanci suke, kuma wanda zai ba yaro ya fara dubawa da kansa, domin zanen Japanawa da na 'yan Afirka a mujallun lokacin yaƙi cike yake da cin fuska.